GUZURIN KO-TA-KWANA: SHIN YA SAƁA WA TAWAKKALI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci cuta Ya halicci magani, Ya saukar da ruwa Ya kuma sanar da ɗan Adam yadda ake gina indararo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako tambaya ce da wani dattijo maƙwabcinmu a nan Madabo ya yi mini bayan mun idar da sallar magariba. Ya ce ɗansa ne ya zo gida da wata jaka, ya kafa ƙusa a bayan ƙofar ɗakin da ke kusa da zaure ya rataye ta. A cikinta akwai tocila da magunguna da takardun gida da ɗan abinci busasshe. Da ya tambaye shi mene ne wannan, sai yaron ya ce tanadi ne, ko da gobara za ta tashi ko ruwa ya shigo cikin dare, sai a sure ta a fita. Dattijon ya ce tun daga ranar zuciyarsa ba ta kwanta da jakar nan ba. A ganinsa wannan mugun fata ne ga gida, kamar ana kiran masifa da hannu, alhali kuwa Musulmi ya san babu abin da zai same shi sai abin da Allah Ya rubuta. Ya ce, "Malam, in sa a sauke ta ne, ko kuwa?" Na ce masa kada ya sauke, ya ba ni mako guda, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, gara a amsa wa kowa gaba ɗaya.

Da farko dai ina so in tuna wa dattijon, da ire-irensa, wani abu da kowa ya sani a birnin nan. Mutum nawa ne daga cikin iyayenmu suke da likkafaninsu a naɗe a ƙasan adaka, wani ma tun daga Makka ya zo da shi bayan ya tsoma shi a ruwan Zamzam? Shekara ashirin yana nan a ajiye, kuma ba mu taɓa jin an ce mai shi yana kiran mutuwa ba. Cewa ake yi mutumin kirki ne mai tuna makoma. To, in tanadin abin da za a rufe gawa da shi ba laifi ba ne, ta yaya tanadin abin da zai tsare rai zai zama laifi? Shi camfi, watau ɗaukar wani abu a matsayin alamar sharri, Annabi sallallahu alaihi wasallama ya kore shi a hadisai ingantattu. Jaka ba ta jawo gobara, kamar yadda haƙa rijiya ba ya jawo ƙishirwa.

Amma asalin shubuhar ba camfi ba ne kaɗai, a wajen fahimtar tawakkali take. Mutane da yawa sun ɗauka tawakkali shi ne mutum ya naɗe hannu. Wannan fahimta ba sabuwa ba ce, tun zamanin Annabi ta ɓullo, kuma tun a lokacin aka gyara ta. Imamu Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna tahowa aikin hajji ba su riƙo guzuri ba, suna cewa su masu tawakkali ne, amma in sun iso Makka sai su shiga roƙon mutane. A kansu ne aka saukar da umarnin yin guzuri da ke cikin aya ta 197 ta Suratul Baƙara, wadda ta kuma bayyana cewa tsoron Allah shi ne mafificin guzuri. Ku duba da kyau, jama'a. Ayar ba ta ce tsoron Allah ya ɗauke wa mutum riƙon abinci ba, a'a, haɗa su ta yi a wuri guda. Kuma ku duba ƙarshen waɗannan mutane: wanda ya ƙi yin guzuri da sunan dogaro ga Allah, ƙarshensa dogaro ga jakar wani ya yi.

Haka kuma sanannen labarin mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi da ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Tirmizi ya ruwaito shi daga Anas. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan hanya, amma akwai wata hanyar a wajen Ibnu Hibban da ke ƙarfafa ta, kuma ma'anarsa babu saɓani a kanta. Sai dai a nan bari in ɗan ratse: maganar nan da ake yawan yi, wai Allah Ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce kuma ba hadisi ba ne. Ma'anarta tana da kyau, amma kada a jingina wa Allah lafazin da bai faɗa ba.

Ni a wurina babu hujjar da ta kai hijira ƙarfi. Ga wanda Allah Ya yi wa alkawarin kariya, wanda tawakkalin duk al'umma in aka tara bai kai nasa ba, amma ku dubi irin shirin da aka yi. Sayyidina Abubakar ya ware taguwa biyu yana ciyar da su har wata huɗu kafin ranar tafiya, tun ba a san ranar ba. Aka ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, alhali a lokacin bai musulunta ba, saboda gwanintarsa da amanarsa. Madina tana arewa, amma aka fara nufar kudu zuwa kogon Sauru, aka kwana uku a ciki. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki da dare su sami madara. Abubakar ya kwashi kuɗinsa ya tafi da su. Ita kuwa Nana Asma'u 'yar Abubakar, da aka zuba guzuri a burgami aka rasa abin ɗaure bakinsa, sai ta tsaga ɗamararta ta ɗaure da ita, har wannan ya zama laƙabinta, ma'abuciyar ɗamara biyu. Abin hawa, da jagora, da abinci, da kuɗi, da labari, da maɓoya, duk an tanada. Sa'an nan da maƙiya suka tsaya a bakin kogo, dabara ta ƙare, a nan ne Annabi ya kwantar wa abokinsa hankali da cewa Allah Yana tare da su, kamar yadda aya ta 40 ta Suratut Tauba ta ba da labari. Wannan shi ne tsarin: gaɓoɓi suna aiki, zuciya kuwa ba ta dogara ga aikin ba.

A Uhudu ma Annabi sulke biyu ya saka. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa yakan ware wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya fassara mafarkin sarkin Masar bai tsaya ga fassara ba, ya ba da shawarar a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, don shekarun fari masu zuwa. Duk manomin da ya taɓa zuba damman gero a rumbu ya san hikimar barin hatsi a zangarniya. Sayyidina Umaru kuma, da ya doshi ƙasar Sham ya iske labarin annoba a wani wuri da ake kira Sargu, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddara ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan unguwar nan.

To, wannan ke nan ta fuskar nassi. Yanzu sai mu dawo gida.

Mu da muke zaune cikin ganuwa mun san irin gidajenmu. Da yawa ginin ƙasa ne da rufin azara, wasu an yi musu kwalliyar siminti a waje amma cikinsu tubali ne tun na kakanni. Lungunanmu kuwa wani ko babur biyu ba sa giftawa, balle motar kashe gobara. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, magudanun da ke kai ruwa Jakara kuma leda da shara suna toshe su. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Wanda ya kai shekaruna ba zai manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwa ta Bagauda ta fashe, dubban gidaje suka rushe a cikin birni da ƙauyuka, aka yi asarar rayuka. Ina saurayi a lokacin. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙarar faɗuwar katanga ba ce, duhun ne. Wuta ta ɗauke, ashana ta jiƙe, fitilar ƙwai tana can cikin ɗakin da ba mai iya shiga. Muna tsaye a lungu ruwa har ƙauri, ana ƙirga yara da murya domin ba a ganin fuska. Wani gida kusa da namu kowa ya fita lafiya, alhamdu lillahi, amma takardar cinikin gidan, wadda aka rubuta da ajami aka ajiye ƙarƙashin katifa, ta narke ta zama kamar kunu. Shekaru bayan haka, da maigidan ya rasu aka zo rabon gado, rashin takardar nan ya raba zumuncin da har yau bai gama ɗinkewa ba. Leda guda da ba ta kai kuɗin goro ba da ta hana wannan.

Kada kuma a ce ai wannan tsohon labari ne. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare mutane suna barci, ya mamaye kasuwa da asibitin koyarwa da harabar fadar Shehun Borno, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawa daga su sai tufafin jikinsu. A ƙarshen watan Mayu na 2025 aka wayi gari da ambaliyar Mokwa a Jihar Neja, inda fiye da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ma a nan garin aka yi ta. Sa'an nan ba ruwa da wuta kaɗai ke tsare mutum ba: a watan Afrilu na 2020 an rufe Kano saboda annobar korona, wanda ba shi da mudu ɗaya a gida ya ga tasku, a farkon 2023 kuma aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, mutum yana da dukiya a banki amma ya rasa na sayen koko. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. A fiƙihunmu na Malikiyya an kai matsayin cewa in mai salla ya ga makaho zai afka rijiya, wajibi ne ya yi magana ya tsamar da shi, ko da sallar ta ɓaci ya sake ta. Madabo unguwa ce da aka san ta da karatun Muhtasar tun zamani mai tsawo, saboda haka wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a nan. Kuma maigida makiyayi ne da za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka ni abin da nake gani, wannan tanadi mafi ƙarancin matsayinsa shi ne mustahabbi, kuma ga wanda ya san katangarsa ta tsage, ko gidansa yana bakin kwata, ko yana da majinyacin da ba ya kwana ba magani, lamarin ya fi kusa da wajibi.

To, me za a tanada? Sai a raba abin gida biyu: akwai wanda ake ajiyewa a gida don ranar da ba a iya fita, akwai kuma wanda ake sura a gudu don ranar da ba a iya zama.

Na ajiyewa a gida, kansa shi ne ruwa. Abin mamaki, ranar ambaliya ita ce ranar da ruwan sha ya fi wuya, domin ruwan kwata da na masai yakan malala cikin rijiyoyi, daga nan sai amai da gudawa su biyo baya, wani lokaci su kashe fiye da waɗanda ruwan ya ci. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa babban mutum yana bukatar wajen lita 3 a yini don sha kawai, ban da girki da tsarki. In gida yana da mutum 10, ruwan sha na kwana uku ya kama lita 90, watau jarka huɗu masu cin lita 25. A wanke su, a cika, a rufe, a ɗora a kan wani abu mai tudu, a riƙa juye su ana sabuntawa. Rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka da dare umarni ne na Annabi tun kafin a san ƙwayoyin cuta. In ruwan da aka samu ana shakkarsa, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur kafin a sha. Kuma a sani, in ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa ga mutum ko dabbar da yake kiwo, shari'a ta ce a bar shi don sha a yi taimama. Kada wani ya ƙarar da ruwan yara a alwala yana zaton tsantseni yake yi. Annabi da mudu guda na ma'aunin Madina yake alwala, wanda bai kai lita ɗaya ba.

Abinci kuwa ba sai mun koyo daga kowa ba. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, da alhazan ƙasa da suke ratsa Chadi da Sudan, sun san abin da ba ya lalacewa kuma ba ya bukatar wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, aya, kilishi ga mai hali, sukari da gishiri. A sami bokiti mai murfi a zuba na kwana uku. Wanda ba shi da ikon saye gaba ɗaya, ya riƙa cire gwangwani guda duk ranar da ya yi awo, kafin wata biyu ya tara. Wani zai ce, shin wannan ba ɓoye abinci ba ne da aka hana? A'a. Ihtikari da hadisin Muslim ya zargi mai yin sa shi ne ɗan kasuwa ya saye abin da jama'a ke bukata ya kulle yana jiran tsada. Tanadin iyali daban, kuma mun riga mun ga Annabi ya yi na shekara.

Ita kuwa jakar gudu, sharaɗinta na farko kada ta yi nauyin da mace ko yaro ɗan shekara goma sha biyu zai kasa ɗauka, domin sau da yawa abin yakan faru maigida yana kasuwa. Farkon abin da zai shiga cikinta haske: tocila da batir na ajiya a naɗe daban, da ashana ko leta a cikin leda. Kada a dogara ga fitilar waya, domin cajin wayar ana bukatarsa don kira. In da hali a haɗa da abin ajiye caji da ƙaramar rediyo, saboda ranar da layin waya ya ɗauke ta rediyo ake jin sanarwa. Sai takardu: ta gida ko ta gona, katin shaidar ɗan ƙasa, takardun haihuwa da na makaranta, katin asibiti. A naɗe a leda biyu, a kuma ɗauki hotonsu da waya a aika wa wani amintaccen ɗan'uwa da ke wata unguwa. Sai 'yan kuɗi a hannu, ƙananan canji, waɗanda aka yi alkawari tsakani da Allah ba za a taɓa su don cefane ba. Sai takarda guda da aka rubuta lambobin waya da alƙalami, domin yau mutum ko lambar matarsa bai haddace ba: lambar 112 ta kiran gaggawa wadda ake kira kyauta, da ta ofishin kashe gobara mafi kusa, da ta mai unguwa, da ta wani mai mota ko adaidaita-sahu da aka saba da shi.

Magani yana bukatar a ɗan tsaya a kansa. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mai farfaɗiya, da mai sikila, kowanne a ware masa na mako guda a jakar, a rubuta sunan maganin da yadda ake sha. Sai bandeji da auduga da filasta da sabulu da almakashi da farasitamol. Sai ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake ba mai gudawa. In babu shi ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Kada a ƙara gishiri da zaton ƙarin lafiya, yawansa cutarwa ne ga yaro, kuma wannan taimakon farko ne kafin a kai shi asibiti. Wanda ya ƙone kuma ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na kamar minti ashirin, ba manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba. A duba kwanan watan da ke jikin kowane magani, domin wanda wa'adinsa ya wuce ba tanadi ba ne.

Akwai wani abu da maza ba sa tunawa: a saka hijabi ko mayafi biyu a jakar, da zane, da abin bukatar jariri da na mata. Mace mai kunya tana iya komawa cikin hayaƙi neman abin rufe jiki, alhali minti ɗaya ne tsakaninta da halaka. Kuma ina kira ga magidanta da babbar murya: ku faɗa wa iyalinku tun yau, a fili, cewa in wuta ta tashi ko gini ya fara zuba, su fita ba sai sun jira izini ba. Shari'a ba ta ɗora wa mace zama cikin gidan da ke cin wuta ba. Wanda yake kulle gida ta waje da kwaɗo ya tafi da makulli, ko ya sa ƙarafa a kowace taga ba tare da mafita ba, ya ji tsoron Allah, ya ajiye makulli a wurin da kowane babba a gidan ya sani kuma hannu zai kai gare shi cikin duhu. A kuma yanke wurin haɗuwa, ko ƙofar masallaci ko gidan wane, a raba wa manya wanda kowa zai riƙo: wane zai ɗauki jariri, wane zai kama hannun tsohuwa. Malaman da ke da almajirai a zaure, wannan nauyi yana kanku ninki biyu, domin amanar 'ya'yan mutane ce. Ku san adadinsu kowane dare. In ruwa ya shigo, a fara kashe wutar lantarki daga babban makunni, kuma kada a raina ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato.

Game da wuta, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Annabi labari sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a riƙa kashe ta in za a kwanta. A zamaninmu wannan umarni ya haɗa kaskon garwashi na hunturu, da kyandir, da maganin sauro na kunnawa, da abin dafa ruwa na lantarki da ake mantawa a bokiti in an ɗauke wuta, da tukunyar gas, da fetur da ake ajiyewa a ɗaki. Janareta kuma ba a kwana da shi a cikin gida ko a rufaffen zaure, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba su farka ba. Bokitin yashi a kusa da madafa ba ya cin kuɗi, kuma wutar mai ko ta fetur ba a watsa mata ruwa.

Ba zan wuce ba sai na yi maganar littattafai, domin unguwarmu ta malamai ce, tarihinta yana komawa ga Wangarawan da suka zo Kano da ilmi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Akwai gidajen da har yanzu suke da rubuce-rubucen hannu na kakanni a cikin gafaka, a jibge a ƙasan ɗakin da ke yoyo. Waɗannan ba sa shiga jakar gudu, kuma ba a sayo su a kasuwa in sun tafi. Mutanen Timbuktu a akwatunan ƙarfe suka kwashe nasu zuwa Bamako a 2012 da 2013 lokacin da fitina ta same su. Mu abin da ake nema gare mu bai kai haka ba: akwatin ƙarfe, a kan kanta mai tudu, a ɗakin da ya fi ƙarfi, sa'an nan a sa wani yaro mai natsuwa ya ɗauki hoton kowace warƙa.

Takarda ta ƙarshe da za ta shiga jakar ita ce wadda aka fi gudu, watau wasiyya. Hadisin Ibnu Umar, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. A rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka, a sa shaidu.

Sa'an nan kada jakar nan ta koya wa kowa rowa. Annabi ya yabi Ash'arawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi guda su raba daidai, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Wanda ya tanadi na kwana uku, ya sa a ransa cewa wataƙila na yini ɗaya ne shi da maƙwabta. Gwauruwar da ke lungunku, da tsohon da 'ya'yansa suke nesa, wa zai haɗa musu tasu? Kwamitocin masallatai da 'yan agaji suna iya ɗaukar wannan, su kuma haɗa da yashe kwata kafin ruwa ya sauka. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma karanta shi a rediyo da Hausa. Saurarensa ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce, lura ce da alamomin da Allah Ya sanya a halittarSa, kamar yadda manomi ke duban gabas ya ce hadari ya haɗu.

A riƙa sauke jakar sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu. A ci abincin ko a yi sadaka da shi tun bai lalace ba a zuba sabo, a gwada tocila, a canja magani.

Jiya na karanta wa dattijon abin da na rubuta kafin in aika. Ya yi shiru, sa'an nan ya kira ɗan nasa ya ce a sauko da jakar. Na ɗauka maganata ba ta shige shi ba, ashe so yake a saka masa tsohon tabaransa na karatu da ƙaramin Alƙur'ani a cikin leda, kuma a sassauto da ƙusar ƙasa kaɗan, domin inda take uwargida ba ta kai wa.

Allah Ya tsare mu da ku daga gobara da ambaliya da rushewar gini, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin haɗa sallar magariba da lisha a masallaci saboda ruwan sama.